Magulmaciya a Saman Benen Abu Hail

Tun ranar da na dawo ba ku bar ni na huta ba. Mai kawo gyaran waya sai ya jingina da kanta ya ce, "Hasumiya, yaya Dubai?" Wanda bai kawo komai ba shi ma ya zo, wai gaisuwa, alhali so yake ya ji abin da ya dawo da ni kafin lokaci, da inda Magulmaciya ta shiga. Na gaji da ba da labarin guntu-guntu, kowa ya ɗauka ya ƙara masa gishiri. Jiya har na ji wai a kurkuku na yi azumi. To ga shi daga bakina, wanda ya sake tambaya in miƙa masa ya karanta da kansa.

Saboda waɗanda ba 'yan Kurna ba, sunana Sabi'u, sana'ata gyaran rediyo. Magulmaciya kuwa wata 'yar na'ura ce da na tsinta cikin kayan gwanjo a Sabon Gari, tsawonta bai wuce tafin hannu ba, da eriya a ka. Ba ta kama waƙa, ba ta kama labarai. Abin da take kamawa shi ne maganar matuƙan jirgin sama da masu ba su izinin sauka. 'Yan unguwa ne suka raɗa mata suna, wai ba ta da aiki sai kwaso zancen da ba nata ba, ni kuma suka laƙaba mini Hasumiya, wato benen nan na filin jirgi da ake ba jirage izinin sauka daga cikinsa. Tsokana ce, amma idan lokacin dawowar alhazai ya yi, kowa ya san ƙofar shagona. Maimakon mutum ya je ya kwana a filin jirgi yana jiran jirgin da ko tasowa bai yi ba, sai ya aiko a tambaye ni. In na ce, "A ɗora tukunya, ya shigo sararin Kano," to a ɗora.

Da wayar salula ta cika gari, gyaran rediyo ya ja baya, na ga in ban koma gyaran waya ba yunwa za ta kore ni daga shagon. Kayan gyaran kuwa a Dubai suke da araha. A can akwai ɗan kawuna, Isuhu, mutumin Maraɗi, taubashina, wanda tun muna yara ba ma haɗuwa ba mu yi wa juna tsiya ba. Yana aiki a wani kamfanin kago, masu tura wa 'yan kasuwa kaya gida. Shi ya roƙi maigidansa aka nema mini biza da sunan kamfanin, aka riƙe fasfonsa jingina har sai na fita ƙasar lafiya. Ku riƙe wannan. Duk abin da na taka a can, a wuyan Isuhu yake.

Ya kira ni ana gobe zan tashi. "Bakano, ka taho min da daddawa da kuka da yaji. In ka zo hannu sake, a hilin jirgi za ka kwana." Na zuba masa su a jaka, na naɗe Magulmaciya cikin tsohuwar riga na cusa a ƙasa. Ban ma yi shawara da kowa ba. Mutumin da ya shekara yana sauraren jirage 'yan ƙalilan a Kano, a ce za shi garin da jirgi ke sauka kamar tururuwa, ya bar ta a gida?

Ta Alƙahira muka bi. A ɗakin jira na can na haɗu da Alhaji Mamuda, ɗan kasuwar Kantin Kwari, mutum mai ƙiba da murya, irin wanda in ya yi raɗa sai na bayan ɗaki ya ji. Ya yi zuwan Dubai har ya daina ƙirgawa, kuma ashe masauki ɗaya za mu. Hira ta yi daɗi, bakina ya ja ni, na ba shi labarin Magulmaciya. Sai ya ajiye kofin shayinsa.

"Tana ina yanzu?"

"Tana cikin jaka, Alhaji, ta bi kaya."

"Innalillahi! Kai wane irin mutum ne? Can fa ba Kano ba ce. Hoton jirgi kawai ka ɗauka sai su tafi da kai, balle ka saurari maganarsu. Wa ya tsaya maka?"

Na gaya masa. Ya girgiza kai ya ce, "Allah sarki Isuhu." Ya ci gaba da shan shayinsa. Jakar ta riga ta wuce, ba ni da ikon taɓa ta sai a Dubai. Abincin da aka kawo a jirgi ko buɗe shi ban yi ba. Duk addu'ar da na iya na karanta ta, har da ta shiga kasuwa.

Filin jirginsu ban gan shi ba, gaskiya, don idona na kan masu kaki. Na ɗauki jakata na bi layi. Wani jami'i mai farar riga ya nuna ni da yatsa, ya nuna tebur. Na ce shi ke nan. Ya zuge jakar da kansa, ya ɗaga leda ta farko ya kwance bakinta. Daddawar nan ta kwana ta wuni a ƙulle cikin zafi. Bawan Allah ya ja da baya, ya toshe hanci da gefen ƙyallen kansa, ya tambaye ni da Turanci mene ne wannan. Na ce abin miya ne. Ya dube ni da tausayi, ya yi mini nuni da hannu, "Yalla, yalla!" Ban tsaya gyara zip ba, na rungumi jakar na fita.

Isuhu na bakin ƙofa, ya yi ƙiba, da wani kati rataye a wuyansa. Katin shiga sashen kaya na filin jirgi ne, kuma shi ne jarinsa, don saboda shi 'yan kasuwarmu ke nemansa ya duba musu kayansu a ciki. Ya rungume ni yana cewa, "Bon, ga Bakano ya ga lantarki! Kar ka taɓa komi, ka ji, nan ba a gyara da miyau." Na rama, na ce ai na ga ƙibar ta cin bashin daddawa ce.

Masaukin wani fulat ne a unguwar Abu Hail, hawa na uku, ɗakuna biyu da falo, gadaje wani kan wani. Isuhu na da ƙaramin ɗaki shi kaɗai, ya yi masa fenti, ya sa labule sabo, don matarsa Ramatu na nan tafe, karo na farko tun da ya bar gida. Sauran mu 'yan kasuwa ne masu zuwa da komawa. Ina kwance kaya ya hango eriya ta leƙo daga cikin rigar. Ya san ta, ya taɓa ganinta a Kano. Ya tsaya yana kallonta, sannan ya ce, "Ka taho da ita." Na ce wallahi ban san haramun ba ce sai a hanya, kuma ba zan kunna ba. Ya ce, "Babu komi." Ya kwashi daddawarsa ya fita.

Daga ranar Isuhu bai ƙara tsokanata ba. Abinci yana kawo mini, kasuwa yana raka ni in ya tashi aiki, amma "Bakano" ta ɓace, sai "Malam Sabi'u". Ni baƙonsa ne, ba zai buɗe baki ya ce in jefar da abina ba. Ni kuma na kasa jefarwa. A ina ma? Ko'ina akwai mai kallo, kwandon shara ma sai na ga kamar an sa masa ido. Na tura ta ƙarƙashin katifa, kullum in kwanta a kanta kamar kaza.

Ga wata azabar: gidan a ƙarƙashin hanyar saukar jirage yake. Wannan bai gama wucewa ba wani ya biyo, ƙasa-ƙasa, har kana ganin tayoyinsu. Na san kowannensu magana yake yi, ga abin jin maganar a ƙarƙashin haƙarƙarina, ba dama. Abin da ya fi ba ni mamaki, ba mai ɗaga kai. A Kurna jirgi ya wuce sai mai shayi ya tsaya da zuba ruwa. A can ni kaɗai ke kallon sama, har na lura mai gadin gidan, wani ɗan Indiya, yana kallona, na koma kallon takalmina.

Garin kuwa ba a zama a ƙofar gida. Ba benci, ba tabarma, ba majalisa. Maƙwabcinka ku haɗu a lif ka yi masa sallama, ya amsa da ka yana duban bango. Wuta ba ta ɗaukewa, har na riƙa farkawa ina jiran a ɗauke. Abinci shinkafar 'yan Pakistan ce, biriyani, yaji ya yi mata yawa inda bai kamata ba, sai gurasa da shayi mai kauri da suke kira karak, wanda shi kam na yarda da shi. Ranar Juma'a Alhaji Mamuda ya tuƙa mana tuwon semo da miyar kuka, muka ci har da santi, maƙwabta suka ji warin daddawa suka aiko mai gadi ya tambaya ko wani abu ne ya mutu a bututu. A kasuwar waya ta Deira na yi sayayyata lafiya, sai dai duk motar 'yan sandan da ta gifta sai na raɓe jikin bango. Wata rana aka ƙwanƙwasa ƙofa da ƙarfi, na tsinci kaina a banɗaki na kulle. Mai kawo gas ne.

Ranar da Ramatu za ta sauka, da asuba, na farka na ji wani abu ya canja. Sai da muka idar da salla na gane: shiru. Ba jirgi ko ɗaya. Na buɗe taga, hazo ya rufe garin fari fat, benen da ke tsallaken titi ma ba a gani. Isuhu ya riga ya sha wanka, ya sa shadda, yana ta kiran lambar kamfanin jirgin ba a ɗauka. Ya kira wani abokin aikinsa a cikin filin jirgin, shi kuma ya ce masa ba abin da ke sauka, jirage na can sama suna ta zagaye. Ramatu ba ta taɓa hawa jirgi ba, ba ta jin wani yare sai Hausa, ba ta da waya.

Alhaji Mamuda, maimakon ya yi shiru, sai ya ce, "Ai matsalar zagayen nan mai ne. In ya ƙare fa, sai dai Allah." Na harare shi, bai ma gani ba. Isuhu ya zauna a bakin gado, ya tashi, ya je taga, ya dawo. Can ya tsaya a kaina, murya ƙasa-ƙasa.

"Sabi'u. Abin nan naka, tana iya jin jirginsu?"

"Isuhu, ka san abin da kake faɗa? Fasfonka fa."

"Na sani. Kunna."

A cikin ɗaki ba ta kama komai sai shuu, gini ya tare. Muka hau saman bene, inda tankunan ruwa suke. Hazon ya lulluɓe mu, na ce a raina ko banza ba mai ganinmu. Na ja eriya, na shiga murɗawa. Sai ga muryoyi sun cika wurin, matuƙa iri-iri, kowa na tambayar yaushe za a buɗe, wani mutum guda a ƙasa yana ta ba su haƙuri cikin natsuwa. Ba zan ɓoye muku ba, duk da tsoron, sai da tsigar jikina ta tashi don daɗi. Isuhu ya faɗa mini lambar jirgin, muka kasa kunne. Da aka ambace ta na ɗaga masa hannu. Matuƙin ya ce ba zai iya ƙara jira ba, yana neman izinin wucewa Maskat ta ƙasar Oman ya sauka can. Aka ba shi. Muryarsa garau, ba alamar tashin hankali.

"Lafiyarsu ƙalau," na ce. "Za su sauka a Oman, in gari ya washe su dawo."

Isuhu ya durƙusa a wurin ya rufe fuska da hannu biyu, yana ta alhamdulillahi.

Da a nan muka sauka, da yanzu ba ni da labarin ba ku. Amma Alhaji Mamuda ya riga ya bi fulat-fulat yana shela cewa ga mai jin maganar jirgi a sama. Gidan kuwa cike yake da mutanenmu, kuma safiyar nan kowa na da wanda yake jira. Wannan ƙaninsa na tahowa ta Addis, wancan kayansa ne a jirgin kago, wani dattijo ɗan Damagaram surukinsa. Kafin in naɗe eriya sun kewaye ni, kowa na faɗin lambarsa. Wani ya shimfiɗa tabarma. Wani ya hau da fulas ɗin shayi da kofuna. Mutanen da suka yi wata da watanni ba su sami inda za su zauna su yi hira ba, yau ga rediyo ga tabarma, me ya rage? Majalisa ta kafu sosai, har da gardama a kan ko matuƙin Bature ne ko Balarabe.

Na dubi Isuhu, ya dube ni. Dattawa ne, kuma abokan cinikin kamfaninsu ne, wa zai ce musu su tashi? Na riƙa cewa, "To wannan ne na ƙarshe," ana cewa, "Saura nawa, Malam, Allah ya yi maka albarka." Garin neman lambobin mutane ba wanda ya lura rana ta fito. Ɗaga kan da zan yi, hazon ya yaye tas. Ga mu a fili, taron baƙaƙen fata a saman bene, ɗaya ya ɗaga na'ura mai eriya sama, jirgin farko kuma na saukowa daidai kanmu. A benen da ke fuskantarmu mutane sun fito baranda suna kallo, ɗaya da waya a kunne.

Ba su daɗe ba. Ba jiniya, ba ihu, ba duka. 'Yan sanda biyu ne suka hau tare da mai gadi, suka yi sallama, ɗaya ya miƙo hannu na sa masa Magulmaciya. Da na waiwaya, majalisa ta watse, sai tabarma da kofuna. Alhaji Mamuda da duk ƙibarsa ban ga ta inda ya bi ba.

A ofishinsu aka raba mu ɗaki. An ba ni ruwa, an ba ni kujera, amma da sun mare ni da ya fi mini sauƙi a kan tambayoyin nan. Wa ya aiko ka? Wa kake gaya wa abin da ka ji? Me ya sa jiragen nan kawai? A tafi a dawo, a sake tambaya daga farko. Na ce tawa ce, ni na shigo da ita, Isuhu ba ruwansa. Jami'in ya ce abin mamaki, shi ma wancan cewa ya yi shi ya sa ni kunnawa, ni ba ruwana. Na ba shi labarin alhazai da tukunya, da Turancina na makarantar koyon sana'a. Bai yi dariya ba, ya dai rubuta. Ni dai ba kaina nake ji ba. A zuci ina ganin Isuhu an tasa ƙeyarsa zuwa Maraɗi da shaddar jikinsa, shekarun da ya yi yana tara wa kansa mutunci sun tafi a banza, Ramatu kuma tana zaune a filin jirgi cikin mutanen da ba ta jin bakinsu, tana duban ƙofa. Na yi kuka, ba na jin kunyar faɗa.

Bayan la'asar aka haɗa mu. Sun bincika, sun tabbatar jirgin ya je Maskat, kuma akwai mace mai sunan da muka faɗa a cikinsa. Wannan ne ya cece mu. Maigidan Isuhu ya zo, wani Balarabe mai furfura, ya sa hannu ya karɓe mu. Hukunci: Magulmaciya ta zama tasu, ni kuma in bar ƙasar a jirgi na farko da ke da wuri. Na ji sanyi a raina, na ɗauka an gama. A bakin mota maigidan ya juyo ya yi wa Isuhu magana da Larabci, a hankali, ba faɗa. Na ji "khalas" a ciki, wato an gama. Sai na ga Isuhu ya sunkuyar da kai, ya zare katin nan daga wuyansa ya miƙa masa. Iƙamarsa, wato takardar zamansa a ƙasar, tana nan, ba za a kore shi ba. Amma mutumin da sunansa ya shiga ofishin 'yan sanda a kan maganar jirgi ba zai ƙara shiga filin jirgi da sunan kamfanin ba. An mayar da shi sito a Al Warsan, can bayan gari, wajen loda kwantena.

Muka tarar da Ramatu a gida tana shan shayi. Alhaji Mamuda ne ya je ya ɗauko ta, ya ce mata mijinta aiki ya riƙe shi. Wannan kam na yaba masa, ko da yake har yau ban yafe masa shelar ba. Ta gaishe ni da fara'a, tana ba mu labarin yadda aka kai su wani gari aka dawo da su, ita duk ta ɗauka haka tafiyar take. Na so in yi wa Isuhu magana a daren. Da na buɗe baki sai ya ce, "Ci abinci."

Shi ya raka ni filin jirgi. Da can, in ya raka baƙo, har ciki yake shiga da shi, ma'aikata na gaishe shi. Ranar a bakin ƙofar masu tafiya ya tsaya, inda kowa ke tsayawa. Hannunsa ya kai wuya don gyara igiyar katin, ya tarar ba komai, ya mayar aljihu. Na ce, "Isuhu, don Allah ka yafe mini." Ya ce ai shi ya ce in kunna, kuma ko yau aka maimaita zai sake cewa. Sannan ya ciro wani ƙunshi daga leda ya danƙa mini, wai tsarabata, kar in buɗe sai na zauna.

"Bakano," ya ce, "ka gai da gida. In za ka dawo, daddawa kaɗai."

Sai da jirgi ya tashi na buɗe. Ƙaramin rediyo ne sabo, na jin labarai, irin wanda kowane dattijo ke karawa a kunne da safe. Shi ne wanda kuke gani a kan kantata, wanda wasunku ke tambaya ko na sayarwa ne. Ba na sayarwa ba ne. Alhazai kuma sun kusa fara dawowa, na san za ku aiko. Kar ku wahalar da kanku, ku je filin jirgi ku jira kamar kowa. Isuhu ma yanzu a bakin ƙofa yake jira.